Araha Tana Ado: Zaɓen Lensin Ɗaukar Hoton Fuska

Duk lokacin da wani yaro mai koyon hoto ya tambaye ni wane lensi zai saya, nakan mayar masa da tambaya biyu: wace kyamara gare ka, kuma shagonka ƙafa nawa ne? Ta farkon yakan amsa nan take. Ta biyun ce ke ɗaure masa kai, don bai ga abin da ya haɗa faɗin ɗaki da gilashin da ake ɗaura wa kyamara ba. Shi abin da ya kawo shi daban ne. Ya ga hotunan amare a Instagram, fuska tar, abin da ke bayanta kuma ya narke kamar man shanu a rana. Ya duba nasa da ya ɗauka da ɗan lensin 18-55mm da ya zo tare da kyamarar, ya ga har igiyar shanya da bokitin da ke bayan amarya sun fito ras. Wani ya ce masa sai ya mallaki 85mm f/1.4 ko 70-200mm f/2.8, ya je ya tambayi kuɗinsu, ya tarar sun ninka kuɗin kyamarar tasa. Sai jikinsa ya yi sanyi.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. A kan shadda da takalmi ban ja ba. Amma a harkar lensi, ɗaya daga cikin mafi araha a kasuwa yana cikin waɗanda suka fi iya fito da fuskar mutum, kuma akwai dalilin hakan. Sai dai kafin a kai ga sunan lensi, akwai abin da ya kamata mai hoto ya fara ganewa, don shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya.

Ba lensi ne ke gyara siffar fuska ko ya ɓata ta ba. Tazarar da ke tsakanin kyamara da mutum ita ce ke yin wannan aikin. Idan ka matso dab da fuska, hanci ya fi kunnuwa kusa da kai ƙwarai, saboda haka sai ya kumbura, goshi ya turo, kunnuwa su ja baya su ƙanƙance. Abin da ke faruwa ke nan a hoton da mutum ke ɗaukar kansa da waya. A 2018 wata mujallar likitocin gyaran fuska ta Amurka ta buga lissafin da ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan inci 12 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, alhali daga nisan ƙafa biyar abin da ke ƙaruwa bai taka kara ya karya ba. Da zarar ka ja baya mita ɗaya da rabi zuwa uku, fuska ta koma yadda 'yan uwa suka santa, yadda ake ganin mutum idan ana zaune ana hira. Aikin lensi shi ne ya cika hoton da fuskar alhali kana tsaye a wannan tazarar. Shi ya sa ake kiran 85mm zuwa 135mm lensin fuska: ba wani siddabaru ne a cikinsu ba, suna dai tilasta maka ka tsaya inda ya dace.

To amma waɗannan lambobin an ƙiyasta su ne a kan kyamara mai babbar sensa, wadda girmanta ya kai milimita 36 da 24, daidai da fim ɗin da iyayenmu suka yi aiki da shi. Yawancin kyamarorin da ke hannun masu farawa, irin su Canon 600D da 700D da 2000D, ko Nikon D3200 da D5300, ko Sony a6000, ƙaramar sensa gare su. Ƙaramar sensa tsakiyar hoton kawai take ɗauka, ta yar da gefe. Don haka a Canon sai ka ninka lambar lensi sau 1.6, a Nikon da Sony da Fujifilm sau 1.5. Ke nan 50mm a kan 700D yana gani kamar 80mm, a kan D5300 kuma kamar 75mm. Mai ƙaramar kyamara da ya sayi 50mm ya riga ya mallaki lensin fuska, ba tare da ya biya kuɗin 85mm ba.

Nan ne faɗin shago ya shigo. Mu ɗauki ɗaki mai ƙafa goma sha biyu, wanda shi ne girman shaguna da ɗakuna da yawa a garuruwanmu. Bai kai mita huɗu ba. Ka janye mutum daga bango kamar mita ɗaya don kada inuwarsa ta zauna a labule, kai ma ka ci rabin mita da jikinka, abin da ya rage tsakaninku mita biyu ne da 'yan kai. Daga wannan wurin, idan ka tsayar da ƙaramar kyamara a tsaye, 50mm zai ɗauko maka daga kai zuwa ƙugu. 85mm kuwa kai da kafaɗu kawai zai ba ka. Idan magidanci ya shigo da babbar riga yana so a ga aikin wuya da takalmi duka, 85mm na bukatar ka ja baya fiye da mita bakwai, 50mm mita huɗu da rabi, 35mm kuma mita uku da ɗan abu. Na taɓa ganin wani matashi da ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi 85mm, ya dawo yana ɗaukar hoto daga tsakiyar titi, kwastoma na cikin shago, babura na gilmawa tsakaninsu. Lensin lafiyarsa ƙalau, ba na wannan ɗakin ba ne kawai. Abin ya dame ni, don da ya tambaya kafin ya biya, da rabin kuɗin ya ishe shi.

Sai lamba ta biyu, wadda ake rubutawa bayan harafin f. Ita ke nuna girman ƙofar da haske ke bi ya shiga, kuma lissafinta a juye yake: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Lensin 18-55mm idan aka zuƙo shi zuwa 55mm ba ya buɗewa fiye da f/5.6. Wanda ya buɗe zuwa f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. A ɗakin amarya da ba wuta, ko a zaure bayan la'asar, wannan shi ne bambancin hoto mai tsabta da hoto mai tsakuwa-tsakuwa. Tun farkon sana'ar ma matsalar ke nan. A 1840 wani malamin lissafi mai suna Joseph Petzval ya tsara lensi a birnin Vienna na Ostiriya wanda ke buɗewa zuwa f/3.6, kamfanin Voigtländer ya ƙera shi. Kafin nan mutum sai ya sandare na mintoci cikin rana, wani lokaci har da ƙarfe a ƙeya yana riƙe masa kai. Lensin Petzval ya rage zaman zuwa ƙasa da minti ɗaya, daga nan ɗaukar hoton mutane ya zama sana'ar da ake ci da ita.

Narkewar baya kuma, wadda ita ce ke jan hankalin matasa, akwai lissafi mai sauƙi da zai taimake ka a kasuwa. Raba lambar farko da ta biyu, za ka sami faɗin ƙofar a milimita. 55 a raba da 5.6 ya ba da kusan 10. 50 a raba da 1.8 ya ba da kusan 28. 85 a raba da 1.8 ya ba da 47. Idan girman mutum a cikin hoton ɗaya ne, kuma abin da ke bayansa yana da nisa, wanda ƙofarsa ta fi faɗi shi ya fi narkar da baya. Wannan lissafin yana tona wani abu da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Dogon zum mai araha, irin 55-250mm na Canon ko 55-200mm na Nikon, idan aka zuƙo shi zuwa 200mm a f/5.6, ƙofarsa ta kai kusan milimita 36, ta fi ta 50mm f/1.8. Wanda ya riga ya mallaki irin wannan, kuma a fili yake aiki da rana, yana da lensin fuska a jakarsa bai sani ba. Sharaɗin dai shi ne ya ja baya kamar mita takwas, ya kuma yarda zai riƙa ɗaga murya kafin a ji shi. A hawan sallah wannan ba matsala ba ce, shi ne ma ya fi, don ba wanda ke son tsayawa dab da dokin da ake sukuwa da shi. A cikin ɗaki kuwa ba shi da amfani.

Me ya sa 50mm f/1.8 ke da araha haka? Ba don an yi ha'inci a gilashin ba ne. Tsarinsa tsoho ne, ya samo asali daga lensin Planar da Paul Rudolph ya tsara wa kamfanin Zeiss a 1896. Gilasai shida ko bakwai ne ƙanana, ba zum, ba sassa masu yawa da ke motsi, kuma an shekara da shekaru ana ƙera irinsa da yawan gaske. A jiki ake rage kuɗin: roba a maimakon ƙarfe, ba kariya daga ruwa da ƙura. Canon EF 50mm f/1.8 STM ya fito a 2015 a kan kimanin dala 125. Nikon AF-S 50mm f/1.8G ya fito a 2011 a kan kimanin dala 220. Na ambaci dala ne don tun da aka saki naira a 2023 farashin kayan waje ba ya zama wuri ɗaya, amma tazarar da ke tsakanin lensi da lensi ba ta canja ba. Wanda ke buɗewa zuwa f/1.4 yakan ninka kuɗin sau biyu ko uku, ƙarin hasken da yake bayarwa kuma bai kai ninki biyu ba. Ga mai farawa, ban ga dalilin biyan wannan ba.

Akwai tarko uku da ya kamata a sani kafin a miƙa kuɗi. Na farko na masu Nikon ne, kuma shi ya fi cin mutane. Akwai 50mm f/1.8D da ya fito a 2002, ya fi G araha, gilashinsa kuma mai kyau ne. Amma ba shi da injin fokas a cikinsa, da injin da ke jikin kyamara yake dogara. Jerin D3000 da D5000 duka ba su da wannan injin. Ka ɗaura D a kan D3200 ko D5300, zai zauna daram, zai ɗauki hoto, amma fokas sai da hannu. Mai irin waɗannan kyamarori ya nemi wanda aka rubuta AF-S a jikinsa. Na biyu na masu Canon ne: tsohon 50mm f/1.8 II na 1990 har yanzu yana yawo a kasuwa, bakinsa roba ne, injinsa na da ƙara, kuma fuka-fukan ƙofarsa biyar ne, don haka idan aka ɗan rufe shi fitilun baya kan fito da kusurwa biyar a maimakon zagaye. STM bakinsa ƙarfe ne, fuka-fukansa bakwai. Idan bambancin kuɗin kaɗan ne, STM ya fi. Na uku na kyamarori marasa madubi ne. Canon da Nikon duka sun fito da sabon baki a 2018, RF da Z. Tsohon lensi yana hawa sabuwar kyamara da adafta, amma sabon lensi ba ya hawa tsohuwa. Mai Canon M50 ya lura musamman: RF ba ya hawa kyamararsa, EF ne ke hawa, shi ma da adafta.

Kamfanonin Sin irin su Yongnuo da Viltrox da Meike sun cika kasuwa da nasu. Viltrox ya yi suna a wajen masu Sony da Fujifilm. Yongnuo 50mm kuwa yakan zo a kusan rabin kuɗin na Canon, kuma zai ba ka hoto. Ra'ayina shi ne, wanda zai karɓi kuɗin mutane ya ɗauki ɗaurin aure ya gwammace na asali ko da na hannu ne, don ana ɗaura aure sau ɗaya ne, ba a cewa liman ya maimaita saboda fokas ya yi jinkiri. Mai ƙaramar kyamara mara madubi da aljihunsa ya ɗan yi nauyi, Sigma 56mm f/1.4 da ya fito a 2018 yana cikin mafi kaifi a ajinsa. Mai babbar sensa, irin 6D ko D750 ko a7 III, shi ne 85mm f/1.8 ya dace da shi: na Canon tun 1992 yake, na Nikon 2012, na Sony 2017.

Tsofaffin lensuna na hannu suna da daɗin aiki ga mai lokaci. Helios 44-2 na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, 58mm f/2, yana murɗa baya kamar guguwa, kuma adaftarsa ba tsada. Nikkor 105mm f/2.5 shi ne Steve McCurry ya yi amfani da shi a 1984 ya ɗauki yarinyar nan 'yar Afghanistan mai korayen idanu a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan, hoton da ya hau bangon mujallar National Geographic a watan Yunin 1985. Amma waɗannan na koyo ne da na marmari. A wajen kamu, inda 'yan mata ke ta kai da komo, fokas da hannu zai sa ka yi asarar rabin hotunanka.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ke zuwa bayan an sayi lensin. Yaro ya samu f/1.8, sai ya ƙi sauka daga kai, dare da rana. A ƙaramar kyamara, 50mm a f/1.8 daga nisan mita ɗaya da rabi, kaurin wurin da ke fitowa da kaifi bai wuce santimita shida ba. Amarya ta ɗan karkata kai, ido ɗaya ya fito, ɗayan ya dusashe. Ta ɗaga hannu don a ga lallen da aka kwana ana zana mata, fuska ta fito, lallen ya tafi. Ango ya tsaya bayanta da rabin taku, shi kuma ya zama inuwa. Mu kuwa hotonmu ba na ido kaɗai ba ne. Wanda ya ɗinka riga mai aska takwas ya kafa zanna bukar, wadda ta ɗaura ɗankwali ta sa sarƙa da awarwaro, ba su zo don a narkar da kayansu ba. Ga mutum ɗaya f/2.5 ko f/2.8 ya fi, nan ne ma lensin ke fara nuna kaifinsa na gaskiya. Ga mutum biyu f/4. Ga dangi da suka yi sahu biyu f/5.6 zuwa f/8. Idan kana son baya ya narke, janye mutumin daga bango ya fi buɗe ƙofa aiki, kuma kyauta ne.

Ranar ƙasarmu ma ba ta yarda da f/1.8 ba. Da tsakar rana, ko da an sauke ISO zuwa 100, wannan buɗewar na bukatar ƙiftawar kusan 1/8000 na daƙiƙa, yawancin ƙananan kyamarori kuwa a 1/4000 suke tsayawa. Sakamakon shi ne farar shadda ta ƙone ta zama farin fili, ba zare ba aiki. Inda farin yadi ya haɗu da baƙar fata kuma, lensi mai araha da aka buɗe gaba ɗaya yakan bar wani siririn layi mai launin shuni a gefe. Maganin duka biyun ɗaya ne: rufe ƙofar kaɗan, ka shigar da mutum inuwa. Inuwar katanga ta fi ta bishiya, don darbejiya tana yayyafa ɗigon rana a fuska. Bakin zaure da mutum zai tsaya daga ciki yana fuskantar waje yana ba da haske mai laushi da fitilar kuɗi ke wahalar kwaikwaya, kuma hazon hunturu kansa yana tausasa rana. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yawancin hotunansa da hasken rana ya ɗauke su a tsakar gida, da zane mai ado a bayan mutum. Bai narkar da bayan ba, kowane zane ya fito, amma har yau ana rataye hotunan a manyan gidajen tarihi na duniya, saboda ya san inda zai zaunar da mutum da yadda zai sa shi ya saki jiki. Canjin da ya rage bayan sayen lensi, a sa shi a farin allo mai mayar da haske da hular lensi mai tare rana daga gefe.

Waɗannan 50mm na Canon da Nikon ba su da na'urar hana rawar hannu, don haka kada ƙiftawa ta sauka ƙasa da 1/125, ga yara kuma 1/250. Kuma tun da jikinsu ba shi da kariya, sai an kula. Da hunturu kada a sauya lensi a fili. In ya zama dole, a juya baya ga iska, a kifa bakin kyamara ƙasa. Da damina abokin gaba shi ne fumfuna, wadda ke tsiro a cikin gilashi idan an bar lensi cikin jaka mai laima. A ajiye shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi.

Mafi yawanmu na hannu za mu saya, kuma ba laifi, lensi ba ya tsufa da wuri kamar kyamara. Sai dai kada a yi cinikin biri a sama. Ka je da kyamararka, ba ta mai shago ba. Cire murfin gaba da na baya, haska fitilar waya ta ciki ka duba a karkace. 'Yar ƙura ba ta hana komai, kusan kowane lensi na da ita. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce, ko wani hazo da ya lulluɓe gilashi, ko maiƙo a fuka-fukan ƙofa. Duba bakin gaba, in ya lotsa to an taɓa yar da shi. Manna jarida a bango ka ɗauka daga gaba sosai, ka ga ko gefe ɗaya ya fi ɗayan kaifi. Daga nan ka roƙi mai shagon ya tsaya a bakin ƙofa, ka ja baya mita biyu, ka buɗe zuwa f/1.8, ka sa fokas a idonsa. Ɗauki guda goma, kana mayar da fokas nesa tsakanin kowane biyu. Zuƙo kowanne a allon kyamara. Idan kaifin yana sauka a kunne ko a kan hanci a maimakon ido, lensin bai jitu da kyamararka ba, kuma yawancin ƙananan kyamarori masu madubi ba su da wurin gyara wannan. Ka ajiye shi ka nemi wani. Idan gashin ido ya fito ɗaya bayan ɗaya a takwas cikin goma, sai ku zauna ku yi ciniki.